Tubalan Manhaja da Hidimomin Yanar Gizo: Darasi Daga Gina Ƙamusun Hausa na Intanet

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin ginshiƙai biyu da ake ɗora manhajojin yanar gizo na zamani a kansu, wato tubalan manhaja da ake iya maimaita amfani da su, da kuma hidimomin yanar gizo masu isar da bayanai daga rumbu zuwa ga duk manhajar da ta nema. An ɗauki aikin gina ƙamusun Hausa na intanet a matsayin misalin da aka bi daga farko zuwa ƙarshe. Maƙalar ta nuna cewa hukunce-hukuncen da suka shafi ƙa'idar rubutu, da jerin baƙaƙe, da karin sauti, da jinsi, duk a cikin waɗannan tubala ake binne su, kuma da zarar an binne su sukan bazu zuwa kowane shafi. Don haka sanin yadda ake tsara su ya zama wani ɓangare na aikin masanin harshe. An kuma jera matakan koyo da haɗurran da ya kamata a kiyaye.

Fitilun Kalmomi: tubalin manhaja, hidimar yanar gizo, rumbun bayanai, ƙamus, baƙaƙe masu lanƙwasa

1.0 Gabatarwa

Hausa tana cikin harsunan Afirka da suka yi sa'ar samun ƙamusoshi masu nauyi. Akwai na Bargery na 1934, da na Abraham wanda ya fara fitowa a 1949, da na Newman da Newman na 1977, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Dukkansu an tsara su ne domin takarda. A yau kuwa ɗalibi yakan fara neman ma'anar kalma a wayarsa kafin ya taka zuwa ɗakin karatu, kuma abin da ya tarar a can shi yake ɗauka a matsayin daidai. Idan ya rubuta "ƙafa" manhajar ta ce ba ta san kalmar ba, ko ta kawo masa "kafa" ba tare da wani bayani ba, to an koya masa cewa lanƙwasar ba ta da muhimmanci.

Irin wannan matsala ba ta rasa nasaba da yadda aka raba aiki. Masanin harshe yakan tattara kalmomi ya miƙa wa mai rubuta manhaja, shi kuma ya yanke hukunci a kan abubuwan da bai ma san cewa hukuncin harshe ba ne. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa masu nazarin Hausa yadda ake gina irin wannan manhaja, domin su san inda bakinsu ya kamata ya shiga, kuma wanda ke da sha'awar koyo ya san ta inda zai fara.

2.0 Asalin Tunanin Gini da Tubala

Tunanin gina manhaja daga gutsattsarin da aka riga aka shirya ya girmi yanar gizo. A taron da ƙungiyar NATO ta ɗauki nauyi a Garmisch ta ƙasar Jamus a 1968, Douglas McIlroy ya yi kira da a riƙa samar da sassan manhaja kamar yadda masana'antu ke samar da ƙusoshi da sukurori, ta yadda mai gini zai zaɓa ya harhaɗa. A 1972 David Parnas ya ƙara da wata ƙa'ida: kowane sashe ya ɓoye sirrin yadda yake aiki, ya bayyana wa sauran sassa abin da yake karɓa da abin da yake bayarwa kaɗai. Amfanin haka shi ne ana iya sauya cikin sashe ba tare da an rushe maƙwabtansa ba.

Ita kuwa yanar gizo, Tim Berners-Lee ne ya gabatar da shawararta a cibiyar bincike ta CERN a 1989. Shafukanta na farko takardu ne kawai masu mahaɗai, waɗanda aka rubuta da HTML. Harshen JavaScript ya zo a 1995 ya ba shafi ikon amsa wa mai karatu, sannan CSS ya biyo baya a 1996 domin kula da ado da shimfiɗa. Da shafuka suka girma suka zama manhajoji, sai maimaita umarni iri ɗaya a wurare da yawa ya zama nauyi. Daga nan aka samu kayan aiki irin su AngularJS na kamfanin Google a 2010, da React wanda Facebook ya saki ga jama'a a 2013, da Vue a 2014. Duk sun dawo da tsohon tunanin McIlroy cikin burauza.

An zaɓi kalmar "tubali" a wannan maƙala saboda magini ba ya ƙirƙiro sabuwar siffa ga kowane tubali. Siffa ɗaya yake maimaitawa, da ita ya tayar da zaure, da ita ya tayar da katanga.

3.0 Siffar Tubalin Manhaja

Tubalin manhaja wani ɗan yanki ne na shafi wanda ya haɗa abubuwa uku wuri ɗaya: tsarinsa, da adonsa, da halayyarsa. Yana da abin da ake ba shi daga waje, da abin da yake riƙewa a cikinsa yayin aiki, da kuma saƙon da yake aikawa idan wani abu ya faru. Misalai biyu daga ƙamus za su fito da wannan fili.

3.1 Katin Kalma

A ƙamus kowace kalma tana da fasali guda: ita kanta kalmar, da furucinta, da ajinta, da jinsinta idan suna ce, da jam'inta, da ma'anoninta, da misalai. Maimakon a rubuta wannan fasali sau dubbai, sai a gina tubali ɗaya a kira shi katin-kalma. Idan aka ba shi bayanan "ƙafa" ya nuna su, idan aka ba shi na "gona" ya nuna su a fasali iri ɗaya. Ana iya sa shi a shafin sakamakon bincike, ko a gefen waƙar da ake nazari domin bayyana kalma mai wuya, ko a manhajar koyar da yara.

Idan daga baya kwamitin ƙamus ya yanke cewa a riƙa nuna karin sauti a saman wasula, wuri ɗaya za a gyara, kuma gyaran ya bayyana a ko'ina. Burauzojin yau suna ba da damar ƙirƙirar irin wannan tubali ko da ba a jingina da kayan aikin wani kamfani ba, bisa sharaɗin sunansa ya ƙunshi karan ɗori, kamar yadda katin-kalma ya ƙunsa, domin kada ya yi karo da sunayen da HTML ya riga ya mallaka.

3.2 Akwatin Bincike

Tubali na biyu shi ne akwatin da mai karatu ke rubuta abin da yake nema. Abin da yake riƙewa a cikinsa shi ne baƙaƙen da aka rubuta zuwa yanzu. Saƙon da yake aikawa kuwa shi ne cewa ga kalmar da ake nema. Bai san inda ƙamus yake ba, kuma bai san yadda za a nuna sakamako ba. Wannan rashin sani shi ya sa za a iya ɗaukarsa a kai shi taskar karin magana ko kundin sunayen littattafai ya ci gaba da aiki. A cikinsa ne kuma ya dace a sa maɓallan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ saboda wanda allon rubutunsa ba ya da su.

Ƙananan tubala su ke haɗuwa su ba da manya. Akwatin bincike da jerin katunan kalma su ne shafin bincike. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce bayanai su gangara daga babban tubali zuwa ƙarami, saƙonni kuma su hau daga ƙarami zuwa babba. Idan aka kiyaye wannan, gano tushen kuskure yakan yi sauƙi, domin hanyar da bayani ya biyo a bayyane take.

4.0 Hidimar Yanar Gizo

Tubala suna nuna bayanai, amma ba su ne ma'ajiyarsu ba. Kalmomin ƙamus suna zaune ne a rumbun bayanai a kan wata kwamfuta da ake kira uwar garke. Hidimar yanar gizo ita ce ƙofar da aka buɗe a jikin wannan rumbu, wadda kowace manhaja za ta iya ƙwanƙwasawa ta karɓi amsa. Irin wannan ƙofa ce ake yi wa laƙabi da API. Bambancinta da shafi shi ne shafi domin idon mutum aka shirya shi, ita kuwa amsarta domin wata manhaja ce.

Salon da ya fi yaɗuwa a yau shi ne REST, wanda Roy Fielding ya bayyana a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a 2000. A wannan salo kowane abu yana da adireshinsa, kuma ana amfani da umarnin da ƙa'idar HTTP ta tanada. GET na karɓo bayani, POST na ƙara sabo, PUT na sauya wanda ke akwai, DELETE na gogewa. Kowace amsa tana zuwa da lamba: 200 na nufin an dace, 404 na nufin ba a sami abin da aka nema ba, 500 kuma na nufin matsala ta auku a uwar garke. Idan manhaja ta aika GET zuwa adireshin /kalmomi/ƙafa, amsar na iya zuwa a tsarin JSON kamar haka:

{ "kalma": "ƙafa", "aji": "suna", "jinsi": "mace", "jam'i": ["ƙafafu", "ƙafafuwa"] }

Babu launi a nan, babu girman baƙi, babu shimfiɗa. Katin-kalma ne zai karɓi wannan ya yi masa sutura. Ke nan rumbu ɗaya zai iya ciyar da shafin intanet, da manhajar waya, da na'urar duba ƙa'idar rubutu, da mai bincike da ke son ƙirga sunayen da jam'insu ya ƙare da "-una". Ga wanda ke son gani da ido, Wikipedia tana da irin wannan ƙofa, kuma tana aiki a sashenta na Hausa. Haka ma Wikidata, wadda aka buɗe a 2012, ta fara karɓar bayanan kalmomi a 2018.

Wannan rabuwa tsakanin rumbu da sutura ita ce ke ba aiki tsawon rai. Kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020, kuma tallafin AngularJS ya ƙare a ƙarshen 2021. Duk aikin da aka cakuɗa bayanansa da waɗannan kayan aiki sai da aka sha wahalar ceto shi. Wanda kuwa bayanansa ke keɓe a rumbu, sabuwar riga kawai aka ɗinka masa.

5.0 Inda Hukuncin Harshe Yake Ɓuya

Wuri na farko shi ne ajiyar baƙaƙe. Tsarin Unicode ya ba kowane baƙi lambarsa: ɓ tana da U+0253, ɗ tana da U+0257, ƙ tana da U+0199, ƴ kuma U+01B4. A tsarin UTF-8 kowace ɗaya daga cikinsu tana cin bayit biyu. Idan rumbu ya ajiye da UTF-8 amma wani sashe ya karanta da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai ƙ ta rikiɗe ta zama Æ™. Wannan ne asalin tarkacen da akan gani a wasu shafukan Hausa. Maganinsa shi ne a tabbatar rumbu da hidima da shafi duk sun yi ittifaƙi a kan UTF-8.

Na biyu shi ne bincike. Masu amfani da waya da yawa sukan rubuta "baki" alhali "baƙi" suke nufi. Idan manhaja ta tsananta, ba za su sami abin da suke nema ba. Idan kuma ta goge bambancin gaba ɗaya, ta haɗe baki da baƙi, da bari da ɓari, da kafa da ƙafa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a sassauta wajen nema, a tsananta wajen nunawa: wanda ya rubuta "baki" a kawo masa kalmomin biyu, kowace da rubutunta na daidai, a fara da wadda ta yi daidai da abin da ya rubuta. Har ila yau, "baƙi" kanta kalma biyu ce a furuci, ta launi da ta jam'in baƙo, waɗanda tsawon wasali da karin sauti ke rarrabewa. Dole rumbu ya ba kowace lambarta ta daban, in ba haka ba adireshi ɗaya zai riƙa nuni ga abu biyu.

Na uku shi ne bambancin ƙa'idar rubutu. A Nijeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar kuma ƴaƴa. Ita kanta alamar da ke gaban y tana da siffofi aƙalla uku a Unicode, wato U+0027 da U+2019 da U+02BC, waɗanda ido ba ya saurin bambantawa amma kwamfuta na ɗaukarsu abubuwa daban. Haka wasali mai alamar karin sauti, kamar à, ana iya ajiye shi a matsayin baƙi ɗaya ko a matsayin a da alama a bayanta. Ana buƙatar ƙaramin sashe guda da zai mayar da duk waɗannan zuwa siffa ɗaya kafin a ajiye ko a nema. Wace siffa za a zaɓa, kuma wace za a nuna wa mai karatu a Zinder ko a Zariya, tambaya ce ta masana harshe.

Na huɗu shi ne jeri. Idan aka bar kwamfuta ta jera kalmomi bisa lambobin Unicode, duk kalmomin da suka fara da ɓ, ɗ da ƙ za su koma bayan z. A jerin Hausa kuwa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Akwai kuma batun sh da ts, ko za a ɗauke su baƙaƙe masu zaman kansu ko a bar su ƙarƙashin s da t. Taskar CLDR ta Unicode tana da ƙa'idar jeri ta Hausa da manhaja za ta iya kira da lambar harshen, wato ha, amma ya rage ga masu ƙamus su duba ko ta dace da tsarin da suka zaɓa.

Na biyar shi ne yadda manhaja ke magana da mai amfani da ita. Hausa tana bambanta "ka shiga" da "kin shiga", manhaja kuwa ba ta san wanda ke gabanta ba. Ana iya kauce wa wannan da sigar "an", kamar "an adana", ko da jam'in girmamawa, kamar "ku sake gwadawa", ko da umarni tsura, kamar "rubuta kalma". Idan aka tara dukkan saƙonni a fayil ɗaya da tubala ke ɗiba daga ciki, zaɓin zai zama bai ɗaya, kuma masanin harshe zai iya gyara su ba tare da ya taɓa umarnin manhaja ba.

Na shida shi ne ajami. Tubalin da aka tsara da kyau zai karɓi bayanin cewa rubutun daga dama yake farawa, ya juya shimfiɗarsa, ya kuma kira nau'in rubutun da ke iya nuna wasalin imala da sauran alamomin da Hausa ta ƙara a kan baƙaƙen Larabci. Idan tun farko an tanadi gurbin ajami a rumbu, ƙara shi daga baya ba zai buƙaci rushe gini ba.

6.0 Matakan Koyo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tsarin da mai koyo ya fara da shi yakan bi shi har ƙarshe. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a faɗa wa React ko Vue kafin a san abin da suke sauƙaƙawa. Jerin da ke tafe ya fi aminci:

1. A fara da HTML da CSS, a rubuta shafi ɗaya mai kalmomi goma da hannu. Gajiyar maimaita fasali ɗaya sau goma ita za ta koyar da dalilin tubali.
2. A koyi JavaScript, a kwashe kalmomin goma zuwa fayil na JSON, a rubuta umarnin da zai karanto su ya zuba a shafi.
3. A mayar da wannan umarni tubali mai suna, a yi amfani da shi a shafuka biyu daban.
4. A koyi HTTP ta hanyar tambayar hidimar da ke akwai, kamar ta Wikipedia, a lura da lambobin amsa, a kuma tanadi abin da shafi zai nuna yayin jira da lokacin da sadarwa ta yanke.
5. A gina ƙaramar hidima da rumbu na kai, a fara da GET kaɗai, sannan a ƙara sauran tare da tantance wanda ke da izinin gyara.
6. A koyi Git domin adana tarihin kowane sauyi, da rubuta gwaje-gwajen da za su tabbatar, misali, cewa neman "kasa" yana kawo "ƙasa".

Bayan waɗannan ne zaɓen kayan aiki ke da ma'ana. A sashen Hausa ana iya raba aikin tsakanin ɗaliban harshe da na kimiyyar kwamfuta: na farko su tsara guraben rumbu da jerin gwaje-gwaje, na biyu su rubuta umarni. Jerin gwaje-gwajen nan shi ne yarjejeniyar da ke tsakaninsu, domin a cikinsa ne ƙa'idar harshe ke zama abin da na'ura za ta iya tabbatarwa.

7.0 Haɗurran da Ya Kamata a Kiyaye

Maimaita amfani yana yaɗa daidai, yana kuma yaɗa kuskure da irin wannan saurin. Tubalin da ke goge lanƙwasa zai goge ta a duk manhajar da ta aro shi. Saboda haka tubalan da suka shafi harshe sun fi kowane buƙatar bita.

Dogaro da tubalan wasu ma yana da nasa haɗari. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye ɗan ƙaramin sashe mai layi 11 da ake kira left-pad daga taskar npm, sai ayyuka masu yawa da suka jingina da shi suka kasa haɗuwa har sai da aka mayar da shi. Darasin shi ne a rage yawan aro, a kuma ajiye kwafin abin da aka aro.

Akwai kuma batun nauyi. Kowane kayan aiki da aka ƙara yana ƙara abin da waya za ta sauke, kuma mai karatu ne ke biyan kuɗin data. Ƙamus ya fi amfani idan yana buɗewa da sauri a ƙaramar waya, yana kuma ajiye kalmomin da aka riga aka duba domin a same su ko babu sadarwa. Daga ƙarshe akwai haƙƙin mallaka da ɗorewa. Buɗe ƙofa ga rumbu yana buƙatar izinin masu ƙamus da bayyana sharuɗɗan amfani, kuma adireshin da aka yi rajista da sunan ɗalibi ɗaya yakan mutu idan ya kammala karatu. Ya fi dacewa rumbu da adireshi su kasance a hannun sashe ko cibiya.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi aikin ƙamus daga katin kalma da akwatin bincike zuwa hidimar da ke ciyar da su, ta kuma nuna wurare shida da hukuncin harshe ke shiga cikin umarnin manhaja. Abin da ya fito fili shi ne cewa kayan aiki suna tsufa cikin 'yan shekaru, amma rumbun da aka tsara da kyau da ƙa'idojin da aka rubuta a matsayin gwaji suna wuce su. Shawarar da ta biyo baya ita ce sassan Hausa da cibiyoyin nazarin harsuna su haɗa kai su samar da ƙananan tubala na bai ɗaya, na daidaita baƙaƙe da na jeri da na bincike, su sake su ga kowa. Duk mai gina manhajar Hausa daga baya zai tarar da ƙa'idar rubutu a shirye, kamar yadda marubuci ke tarar da ita a ƙamus.